Na Je Maamobi Ta'aziyyar Yaya Nura, Aka Riƙe Fasfona

Hannuwana biyu suna kan cinyata lokacin da 'yar kibiyar nan ta fuskar laftof ta motsa. Ina zaune a kan tabarma a ɗakin Gwaggo Lami a unguwar Maamobi da ke Accra, an idar da sallar azahar, mata a tsakar gida suna ta kankare manyan tukwanen da aka yi girkin addu'ar bakwai. Kibiyar ta gangara kusurwa, ta buɗe wata taga, rubutu ya fara fitowa shi kaɗai. Ban da ni, mutum ɗaya ne a duniya yake motsa wannan kibiya, wato yayana Nura, shi kuwa an binne shi tun kafin mu baro Katsina.

Tun da na dawo kuke tambayata yaya Ghana take, wasu a waya, wasu har gida. In na buɗe baki sai muryata ta ƙi fita, ku ɗauka rowar labari nake yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ku yafe mini maimaitawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Nura uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya daɗe a Accra wurin Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinmu da aure ya kai can tun ba a haife ni ba. Aikinsa gwada tsaron kwamfutocin kamfanoni ne. Su da kansu suke ɗaukarsa, su ba shi izini ya gwada kutsawa cikin na'urorinsu, duk inda ya ga ɓaraka ya gaya musu su toshe kafin ɓarawo ya gani. Da na gama sakandare ban samu gurbin ci gaba ba, sai ya ce ba zan zauna ina kallon bango ba, zai koya mini. Laftof ɗina tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar kayan aikinsa, don haka ya kama hayar wata kwamfuta a ƙasa mai nisa, irin manyan nan da suke kira saba. Ta intanet muke shiga, ni daga Katsina, shi daga Accra, fuska ɗaya muke gani. Yana magana a waya, ina ganin kibiyarsa tana nuna mini, “Nan, Hafsa, ba can ba. Ke kullum sai kin danna abin da ba a aike ki ba.”

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin gaggawa. Inna ba ta iya doguwar tafiya saboda ƙafarta, aka ce ni da Baffa Sani mu je a madadin gida.

Daga Kano muka hau babbar mota zuwa Legas. Ba zan iya ba ku labarin hanyar ba, domin fuskata a cikin hijabi ta yi tafiyar. A tashar Legas ne muka haɗu da wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladi, mai kai kilishi da busasshiyar kuɓewa Accra. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, “'Yar nan, wa ya rasu?” Da na gaya mata sai ta matsar da buhunta, ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta sake barin in ɗauki ko leda ba. Ita ta riƙa gaya mana inda za a sauka a taka da ƙafa, da inda za a miƙa fasfo, da inda ba a ɗaga waya.

A Kwatano Baffa ya ce shi ya iya Faransanci, tunda yana zuwa Maraɗi. Ya je sayo mana shayi da burodi, ya dawo da wani dogon burodi kamar sandar makiyayi da soyayyen kifi da ba wanda ya nema. Hajiya Ladi ta ce, “Malam Sani, Faransancin Maraɗi ya ƙare a Maraɗi.” Ya ce ai kifin ma dama shi ya yi niyya. Nan ne na fara ganin mata zalla suna tuƙa babur, da jariri a goye, ba wanda ya ko waiwaye su. Na ɗauko waya zan tura wa Yaya Nura hoto, sai da na nemo sunansa sannan na tuna.

A Aflawo, iyakar Togo da Ghana, da ƙafa ake tsallakawa, teku na gefe yana ta ruri. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar, wallahi ban ji komai ba. Wani jami'i ya sa na buɗe jaka, ya ga laftof, ya dubi fasfona, ya yi dariya ya ce da Turanci ko ni ma 'yar Yahoo ce, wato 'yar damfarar intanet. Hajiya Ladi ta ce masa gaisuwar mutuwa za ta je, ya bar wasa da maraya. Ya ba da haƙuri, ya rufe mini jakar da kansa.

Maamobi lunguna ne ƙanana, wani sai kin karkace kafaɗa, ga kwata a tsakiya, ga mai tuya a baki, ga masallaci duk inda kika juya. Kowa Hausa yake yi, amma ba irin tamu ba. Wata dattijuwa ta kama hannuna a ƙofar gida ta ce, “Kai ne ƙanen Nuru? Ayya, ka yi haƙuri.” Na waiwaya ina neman wanda take nufi. Su a can mace da namiji duk “kai” ne, kuma jimla ɗaya sai ta ɗauko Hausa, ta ratsa Turanci, ta sauka a yaren Ashanti. Gwaggo kaɗai ce bakinta bai canza ba. Da ta rungume ni ta ce, “Hafsatu, na kasa riƙe muku shi,” sai na ji kamar a zauren gidanmu nake.

Ɗakinta ɗaya da 'yar rumfa, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Da safe koko mai yajin citta da ƙosai, wai shi suke kira kokon Hausa, ko da yake a Katsina ba mai zuba masa yaji haka. Da hantsi sai shinkafa da wake da suke cewa waakye, a cikin ganye, an ɗora taliya da garin kwaki da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Baffa ya ci loma ɗaya ya yi ta hawaye, mata suka ɗauka kukan mamaci ne, suka taru suna ba shi haƙuri.

Addu'ar bakwai ɗinsu ma daban ce. Mu a gida tabarma ce a ƙofar gida da gumba, a yi shiru. Su sai da aka tare titi da rumfuna da kujerun roba da lasifika, mata suka yi anko, aka yi ta rabon abinci. Da farko raina ya ɓaci, na ga kamar biki. Daga baya da na ga masu dako da direbobin trotro, ƙananan motocin hayarsu, suna zuwa suna cewa Nuru ya gyara musu waya bai karɓi komai ba, sai na daina ganin laifinsu.

Ɗakinsa kuwa na tarar an share shi tas. Al'adarsu ce ba a barin kayan mamaci su daɗe, a rabar da su sadaka da wuri don lada ya riske shi. Hula ɗaya Gwaggo ta ajiye wa Inna. Da na rasa abin da zan taɓa nasa, shi ne washegarin addu'a na buɗe laftof ɗina, na shiga kwamfutarmu ta nesa, don kawai in ga inda ya tsaya. Nan ne kibiyar ta motsa.

Ihun da na yi ya shigo da Baffa da Gwaggo. Baffa ya ga rubutu na tafiya ba hannu, ya ja baya yana a'uziyya, ya ce in rufe, aikin aljanu ne. Gwaggo ta fi shi nutsuwa, ta kira Sista Rukayya, 'yar unguwar Nima da suke aiki tare da Yaya Nura. Kafin la'asar ta iso, doguwa, da jakar goyo, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce, “Kar ka taɓa komai.” Ta durƙusa ta kalli fuskar laftof ɗin.

Ta ce tun safe wani kamfanin adashi da suka taɓa yi wa aiki ya kira ta, wai ana ta ƙoƙarin fasa musu asusun mutane, kuma daga kwamfutar Nuru abin yake fitowa. Ta ɗauka kuskure suka yi. Sai ta juya ga Gwaggo, “Mma, ina laftof na Nuru? Na ɗauka yana wurinka.”

Gwaggo ta ce, “Ai na ba Malam Isaka. Shi ya yi masa wanka. Na ga ita ce abin da ya fi so a duniya, na ce ita ta fi cancanta a bayar.”

A tsakar gida wata tana ta kankarar tukunya. Sista Rukayya ta yi bayani a hankali, cewa a laftof ɗin nan Yaya Nura ya ajiye mabuɗin shiga, duk wanda ya iya buɗe ta ya shiga kwamfutar nesa kai tsaye, ya tarar da kayan fasa ƙofa a jere. Sannan ta tambaye ni: “Saban, da sunan wa aka kama?”

Da sunana ne. Na tuna ranar sarai. Yaya Nura ya kira ni ya ce masu ba da haya iri biyu suke da su, in zaɓa. Babbar kwamfuta ɗaya ce ake yankawa a ba mutane da yawa. Yankan farko kamar gidan Gwaggo ne, kowa da ɗakinsa amma murhu ɗaya, ba ka isa ka kawo naka tsarin ba, kuma yawanci baƙin allo ne da rubutu zalla. Na biyu kuwa ana yi maka kamar cikakkiyar kwamfuta taka, da bangonta da ƙofarta, ka zuba tsarin da ka ga dama, har da mai hotuna da tagogi da kibiya, wanda kayan gwajinsa suka fi zama a kai. Ya fi tsada, ya ce, amma shi ba ruwansa, baƙin allo ma ya ishe shi. Na ce ni dai tsoron baƙin allon nan nake, kamar rijiya. Ya yi dariya ya ce, “To gimbiya ta zaɓi mai hoto. Tunda ke kika zaɓa, sunanki za a sa, ki fara sanin nauyin kaya.” Da sunana da lambar wayata aka kama. Ga ni kuma 'yar Najeriya, na shigo ƙasar da laftof a makon da aka fara satar, kuma yanzun nan na shiga kwamfutar daga Maamobi.

Baffa ya fahimci wannan kafin in gama faɗa. Ya ce, “A goge. Ki goge komai yanzu, gobe da sassafe mu kama hanya. Ni amana aka ba ni, ba zan koma in ce wa uwarki na bar ɗaya a kabari ɗaya a kurkuku ba.”

Sista Rukayya ta ce, “Baba, in ya goge, shi ne ɓarawo. Wa zai yarda? A boda za a kama shi.”

“Ke 'yar nan, ke ƙasarku ce. Mu baƙi ne.”

“Nuru ma baƙo ne, ni na ɗauke shi ɗan'uwa.”

Ta juyo gare ni. Ta ce irin da muka kama yana da wani amfani: tunda cikakkiyar kwamfuta ce mai zaman kanta, ana iya daskarar da ita yadda take a wannan lokaci, da tagogin da ɓarawon ya buɗe da duk abin da yake cikin yi, a ajiye kwafinta, sannan a rufe ƙofar. Ta ce da mai murhu ɗaya ne, ba lallai a samu haka ba. Amma ni kaɗai ke da ikon yi, tunda hayar tawa ce. Maɓallan biyu suna kusa da juna a shafin masu hayar, na gogewa ja ne. Baffa yana tsaye a kaina yana cewa, “Hafsatu, ki ji maganata.” Ban taɓa saɓa masa ba tunda mahaifinmu ya rasu. Na danna na daskarewa.

Baffa ya fita. Amma da muka tashi tafiya ofishin 'yan sanda masu binciken laifukan intanet, don Sista Rukayya ta ce gara mu kai kanmu kafin a zo neman mu, a bakin lungu muka same shi ya sa babbar riga yana jira.

Ba su zage ni ba, ba su kulle ni ba, kada in yi musu ƙarya. Jami'in da ya saurare mu mutum ne mai sanyin murya. Ya yi ta tambaya, abu ɗaya ta fuska daban-daban: me ya kawo ni, wa ya koya mini, me ya sa sunana, me na shiga yi. Da na ce na shiga ne in ga inda yayana ya tsaya, ya ɗago ya dube ni, ban san ko ya yarda ba. A ƙarshe ya karɓi laftof ɗina da fasfona, ya ce kada in bar Accra.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ba na son tunawa. Labari ya zaga lungu. A can masu damfarar intanet sakawa ake ce musu, kuma na ji kalmar a bayana a wurin famfo. Matar da ta kama hannuna ranar farko ta daina amsa gaisuwata sosai. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai in ji fitsari ya kama ni. Inna ta kira, Baffa ya ce mata ana ta zuwa gaisuwa ne shi ya sa muka ƙara kwana, ni kuwa na ƙi karɓar wayar don za ta ji a muryata. Gwaggo ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ba ta magana, tana zaune a bakin ƙofa da carbi. Sau ɗaya ta ce mini, “Da hannuna na miƙa ta, Hafsatu. Har da addu'a.”

Malam Isaka tsoho ne Bazabarme, shi yake wankan gawar maza a unguwar tun kafin a haifi Yaya Nura. Da aka je masa da maganar bai ɓoye komai ba. Ya ce ya karɓa ya yi godiya, amma shi ko wayar shafawa bai iya ba, sai ya kai ta kasuwar 'yan waya da ke Circle ya sayar. Aka ce ya kwatanta shagon, ya ce ba ya iya kwatance, amma ƙafarsa ta san wurin. Da sandarsa ya shiga gaba, 'yan sanda cikin farin kaya suna bin sa, cikin cunkoson nan da ko mai lafiya sai ya yi da gaske. Da ya dawo ya biyo ta gidan Gwaggo, ya tsaya daga waje ya ƙi shigowa. Ya ce mini, “Yarinya, ni na wanke ɗan'uwanka. Jikinsa mai tsabta ne. Ban san na sayar da sunansa ba.” Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce ya sani, amma sanin bai hana shi jin abin da yake ji ba.

Daga mai shago aka samu wanda ya saya, haka Sista Rukayya ta gaya mini, amma ba wanda ya ce mini na fita daga zargi. Har na fara tunanin yadda Inna za ta yi da ƙafarta in an ce sai ta zo kotu.

Ranar wata Alhamis aka kira mu. Gwaggo ta ce sai ta bi mu, duk da jiri na ɗibarta, muka bar ta a kan benci a inuwar waje. Jami'in ya ce mu zauna. Ya ce an kama laftof ɗin Yaya Nura a hannun wasu samari a wata unguwa, kuma abin da aka tarar a cikinta ya yi daidai da abin da ke cikin kwafin da na daskarar, taga da taga. Ya ce da na goge, da ba su da abin gwadawa, kuma da maganar tamu ta zama wata iri. Baffa ya sunkuyar da kai. Jami'in ya jawo aljihun tebur, ya turo mini fasfona da laftof ɗina, ya ce da Turanci, Sista Rukayya ta maimaita da Hausarta ko da yake na ji: “Ba ka da laifi. Ka tafi gida.”

Na tambaye shi kwamfutar nesa fa, zan iya shiga sau ɗaya? Ya ce a'a, ta zama shaida, in an gama shari'a rufe ta za a yi. Na ce to. Darussan da ya bar mini rabi duk suna ciki.

Da muka fito ana kiran la'asar a wani masallaci can baya. Gwaggo ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ƙafafunta sun kumbura. Ta ɗago kai.

“Me suka ce?”

“Sun ce babu ruwana, Gwaggo.”

“Shi fa?”

“Shi ma sun san ba shi ba ne.”

Ta murza carbi. Sannan ta kama gefen hijabina ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya don kada Baffa ya ji.

“To ladan fa, Hafsatu? Tunda ɓarayi suka ci sadakar, zai same shi?”

Ni ba malama ba ce. Na ce, “Zai same shi, Gwaggo.”

Ta daɗe tana kallona. Sai ta saki hijabin, ta ce in duba ko akwai mai ruwan leda a bakin ƙofa, maƙogwaronta ya bushe.